Shekara uku ba a kashe rautar nan ba, sai daren jiya

Jama'a salamu alaikum. Ku yi haƙuri da idanuna, wallahi ban runtsa ba. Ƙarfe shida da rabi ke nan a Frankfurt, ina jiran jirgin ƙasa, yatsuna har sun ƙage don sanyi.

Ƙarfe ɗaya na dare aka tashe ni: wani kamfani da muke kula wa da intanet, komai ya tsaya cak. Masu gyaran lantarki sun kashe wutar ginin na minti ashirin, da suka mayar, rauta, wato na'urar da ke haɗa kamfanin da intanet, ta tashi fayau kamar yau aka ciro ta daga kwali. Na tari tasi, Yuro 45, ko a jikina tunda ba daga aljihuna ba ne.

Ku ji inda gizo ke saƙar. Rautar kamfanin Cisco saiti biyu gare ta. Wanda take aiki da shi yanzu yana zaune a RAM, ma'ajiyar wucin gadi, wuta na ɗaukewa ya bi iska. Wanda take karantawa in ta tashi kuma yana NVRAM, ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta. Kalma biyu rak ke kwafe na farko zuwa na biyu, write memory. Mutumin da ya haɗa ta tun kafin zuwana bai taɓa rubutawa ba. Shekara uku fa! Abin haushi abin dariya, a nan ba a ɗauke wuta, shi ya sa kuskurensa ya samu wurin kwana. Da a Kano ne, a shagon da na koyi aikin nan, kafin la'asar asirinsa ya tonu. Maigidana in ka taɓa rauta ba ka ajiye ba, ranar har almajiran layin sai sun ji sunanka. Allah ya saka masa da alheri.

To, ni ɗan Kano ba a kama ni haka. Tun bara na kafa wata manhaja mai suna Oxidized, tana bin na'urorinmu kowane dare tana kwashe saitinsu ta zuba a Git, ma'ajiyar da ke riƙe kowane kwafi da tarihinsa. Lokacin cewa aka yi na cika zaƙewa. Jiya babu wanda ya ce uffan. Na jona kebul ɗin konsol, wayar da ke haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye, na zuba kwafin daren shekaranjiya.

Sai shiru. Minti arba'in ina zufa a ɗaki mai sanyi kamar firji. Ashe in ka zuba kwafi a kan saitin da ke aiki, cakuɗa su take yi, ba ta goge na da. Ƙofofin rautar, inda ake jona wayoyi, a rufe suka tashi, a rufe suka zauna, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da no shutdown, umarnin da ke buɗe su. Makullan SSH, hanyar shiga rauta daga nesa cikin sirri, su ma ba sa cikin kwafin, sai da na ƙera sababbi.

Kai mai tura kwafi ta TFTP, tsohuwar hanyar tura fayil, ni dai na daina, ba ta tambayar kalmar sirri, komai a fili yake tafiya. In kuma daga nesa za ka taɓa rauta, fara rubuta reload in 10, wato ta kashe kanta ta sake tashi bayan minti goma, ko ka kulle kanka a waje za ta tashi ta dawo da tsohon saiti. Da sharaɗin an ajiye shi!

Yunwa nake ji. Da gida ne yanzu ina kan bencin mai shayi, kauri da ƙwai uku. Nan kuwa burodin Yuro 4 mai taurin dutse. Ga jirgina nan, sai na farka.