Garkuwar jiki da sanƙarau: aikin da aka fara a Zariya

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu da suka halarta, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Ɗan'uwanmu da ake karramawa yau ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan binciken garkuwar jiki, wato yadda jiki ke gane ƙwayar cuta, ya yaƙe ta, ya kuma riƙe kamanninta. Ina so ɗalibai su sani, wannan fanni ba baƙo ba ne a Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun 1970 likita Brian Greenwood, ɗan Ingila, ya zauna a nan Zariya, shi da abokin aikinsa likita Hilton Whittle, suna aiki a kan sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro. Daga jinin yaranmu aka gano cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, in aka yi masa rigakafi a lokacin, jikinsa ba ya karɓa yadda ya kamata. An buga wannan a 1972.

Ku dubi sanƙarau. Duk wanda ya girma a Arewa ya san lokacinsa: hunturu ya wuce, zafi ya shigo, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, mutane sun cunkushe a ɗaki. Da ruwa ya sauka sai ya lafa. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Akwai allura a lokacin, amma ba ta daɗewa a jiki, ga ƙananan yara kuwa kusan ba ta aiki, domin sukarin bawon ƙwayar kaɗai ke cikinta, jikin jariri kuma ba ya tuna sukari. Masana garkuwar jiki suka ɗaura sukarin nan a jikin furotin, sai jiki ya soma tunawa. Allurar MenAfriVac ke nan, da ta iso mana a 2011, nau'in sanƙarau da ake kira A, wanda aka yi ta dominsa, ya kusa ɓacewa. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke ba da kariya daga nau'i biyar.

Abin da ke damuna, wallahi, shi ne firji da wuta. Jinin da aka ɗiba a asibitin koyarwa na jami'armu da ke Shika, in wuta ta ɗauke kwana biyu, aikin shekara ya lalace. Tsofaffin ɗalibai da ke zaune a nan, lambar yabo ta yi kyau, amma ɗakin gwaji na buƙatar sola da kayan aiki. Ku tattauna wannan kafin ku tashi.