Wa Ke Biyan Kuɗin Asibitin Kyauta? Lacca kan Kasuwa da Gurguzu

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Gardamar ita ce: ƙasar da ke ba mutanenta asibiti da makaranta kyauta, da fansho mai tsoka, da ɗan abin riƙe kai ga wanda ya rasa aiki, me ya ba ta wannan ƙarfi? Wasu sun ce gurguzu. Wasu sun ce kasuwa ce da aka sakar wa mara. Abubuwa huɗu zan kawo.

Na farko, wa ya fara? Otto von Bismarck ne, shugaban gwamnatin Jamus, mutumin sarki, wanda ba ya ko son jin sunan 'yan gurguzu. A 1878 ya sa aka yi dokar da ta haramta ƙungiyoyinsu da jaridunsu. Shi ɗin dai ne ya kawo inshorar lafiya ga ma'aikata a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, fansho a 1889. Ruwa ba ya tsami banza. Ya ga ma'aikatan masana'antu na kwarara wajen abokan gabarsa, sai ya ga gara ya ba su da hannunsa kafin su karɓa da nasu. Fanshon ma sai ka kai shekara 70, a zamanin da leburan da ya kai 70 abin nunawa ne. (Dariya.) Kun ga tun daga tushe kowane ɓangare na da abin faɗa: ba don tsoron 'yan gurguzu ba da bai yi ba, ba don masana'antu na kawo kuɗi ba da ba shi da abin yi da shi. A Birtaniya ma haka ta kasance, William Beveridge, masanin tattalin arzikin da ya tsara abin a 1942, ba ɗan gurguzu ba ne, amma gwamnatin Leba ce ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa a 1948.

Na biyu, Suwidin. Ku yi haƙuri, a nan zan daɗe, don duk inda aka yi wannan musu sai an jawo Suwidin, kowa na cewa tasa ce.

Jam'iyyar da ƙungiyoyin ƙwadago ke mara wa baya ta riƙe mulkin Suwidin daga 1932 zuwa 1976, in ka cire 'yan watanni a 1936. Shekara arba'in da huɗu! Ka ce ai sun ƙwace masana'antu ke nan. Ina! Volvo na hannun masu shi, Ericsson na hannun masu shi, gidan Wallenberg, manyan attajiran ƙasar, na nan da dukiyarsu. Abin da suka yi, a 1938 shugabannin ƙwadago da masu kamfanoni suka zauna a garin Saltsjöbaden suka shirya cewa maganar albashi su za su riƙa warwarewa tsakaninsu. Har yau Suwidin ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi. Na ga wata 'yar'uwa can tana girgiza kai. Hajiya, haka abin yake. Ƙungiyoyi ne ke ciniki da masu kamfani, sana'a bayan sana'a.

To akwai lokacin da suka gwada ainihin gurguzun. A shekarun 1970 wani masanin tattalin arziki na ƙungiyar ƙwadago, Rudolf Meidner, ya kawo shawara: kowace shekara manyan kamfanoni su mayar da wani kaso na ribarsu hannun jari, a zuba a asusun da ƙungiyoyin ƙwadago ke iko da shi. Ku yi lissafi. Yau da gobe, wata rana mai kamfani zai wayi gari ya tarar shi ne ƙaramin mai hannun jari a gidansa. A Oktoban 1983 dubban mutane suka fito titunan Stockholm suna zanga-zanga, kuma 'yan kasuwa ne a gaba. Ku kwatanta, masu kwat da lakataye riƙe da kwalaye! Abin da aka zartar daga baya an riga an zare masa laka, shi ma aka soke shi a farkon shekarun 1990. Wanda ya kafa kamfanin kayan ɗaki na IKEA kuwa, Ingvar Kamprad, tun shekarun 1970 ya tattara ya bar ƙasar, ya yi shekaru da dama a Suwizalan.

Sai bankunansu suka durƙushe. A Satumban 1992 babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 500 na 'yan kwanaki don kare kuɗinsu. Ɗari biyar na ce, ba hamsin ba. A shekarun nan ne suka gyara tsarin fansho, suka bar makarantu masu zaman kansu su riƙa aiki da kuɗin gwamnati. A 2004 suka soke harajin gado, kuma 'yan ƙwadagon ne a kan mulki lokacin. A 2007 harajin dukiya ya bi shi.

To wa ke biya? Ga inda nake son ku tsaya da ni. Kowa ne. Malamar makaranta, direban bas, mai shara, kusan kashi 30 na albashinsa na tafiya harajin ƙaramar hukuma da na yanki. In ya shiga kanti, yawancin kaya akwai harajin kashi 25 a kai. Jimillar harajin ƙasar ya haura kashi 40 na duk abin da take samarwa, na Amurka bai kai 30 ba. Suna biya don suna gani a ƙasa: an yi maka haihuwa, ku iyaye kuna da kwana 480 na hutu ana biyanku, ɗanka ya shiga jami'a ba a tambaye ka kuɗin makaranta ba. Kowa ke biya, na maimaita, kowa. Saniya ce suke tatsa sosai, amma suna ba ta ciyawa, sau ɗaya da suka ɗauko wuƙa jama'a suka riƙe musu hannu. Ni dai a ganina wanda ya ce a tatsi attajirai kaɗai a yi irin na Suwidin, bai duba takardar albashin direban bas ɗin nan ba.

Na uku... ko na huɗu muke? An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. Bari in haɗa su. Tarayyar Sobiyet ta ba da aiki da asibiti ga kowa, amma kantuna suka koma layi, ta watse a 1991. Amurka kuma ga kasuwa ga dukiya, amma miliyoyin mutane ba su da inshorar lafiya. Kasuwa tana tara dukiya, rabo ba aikinta ba ne, sai an... na'am? Malam, ɗaga murya.

(Wani daga cikin masu sauraro: Malam, ai Norwe man fetur ne ya yi mata, kuma gwamnati ce ke riƙe da shi. Wannan ba gurguzu ba ne?)

Allah ya yi maka albarka, ka kama ni a inda na so in zame. Gaskiyarka, kashi 67 na Equinor, babban kamfanin man Norwe, na gwamnati ne, kuma harajin ribar mai kashi 78 ne. Masu cewa kasuwa ce kaɗai ba su cika son a ambaci wannan ba. Amma duba inda kuɗin ke zuwa. Sun gano mai a 1969, suka kafa asusu a 1990, kuɗin farko ya shiga a 1996. Asusun nan hannun jari yake saye a dubban kamfanoni a kasuwannin duniya, ya wuce dala tiriliyan ɗaya tun 2017, gwamnati kuma ta ɗaure kanta da cire kusan kashi 3 kawai na asusun a shekara. Yanzu ajiye Benezuwela a gefe. Ita ma man na gwamnati ne, ta ma fi Norwe yawansa nesa ba kusa ba. Tsohon shugaban ƙasar, Hugo Chávez, ya buɗe asibitocin unguwa da kantuna masu rahusa, talakawa sun amfana, ba na musu. Sai dai ya kori dubban ƙwararrun kamfanin man bayan yajin aikin 2002 zuwa 2003, ya ƙayyade farashin kaya, abin da ya shigo aka cinye. Farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, takunkumin Amurka ya zo ya ƙara dagula lamarin, mutum sama da miliyan bakwai suka bar ƙasar. Malam, in ka samu lokaci ka binciki yadda ake kula da asusun Norwe: duk abin da ya saya ana wallafa shi, kowa na iya shiga intanet ya ga kamfanin da aka zuba wa kuɗi da adadin da aka zuba.