Ƙaramin Sopwith Camel: Daga Kwali Zuwa Jirgin da Ya Sha Yaƙi

Assalamu alaikum jama'a. Kwalin nan da kuke gani a kan tebur, jirgin yaƙi ne guda a cikinsa, sai dai a tarwatse yake: gutsattsarin roba masu launin toka maƙale a jikin firam, da takardar sitika, da ɗan littafin umarni. Sunansa Sopwith Camel, ƙirar Ingila. Ya fara tashi a watan Disamba na 1916, ya shiga fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya a tsakiyar 1917, kuma an ƙera kusan 5,500 kafin a daina. Camel ɗin nan raƙumi ake nufi. Laƙabi ne ya bi shi, saboda murfin da ya rufe gindin bindigoginsa biyu ƙirar Vickers ya yi tudu a gaban matuƙi kamar tozo.

Ma'aunin namu 1 bisa 48 ne. Fukafukan na gaske, daga wannan baki zuwa wancan, mita 8 da rabi ne da 'yar ɗoriya, namu kuwa zai fito santimita 18 ba kaɗan. Bai ma cika taƙi ɗaya ba.

Da ciki ake farawa, don da zarar an haɗe gangar jikin, hannu ba ya sake shiga. Jirgin nan ƙashinsa katako ne, fatarsa yadin lilin, ƙarfe akasari a wajen inji yake. To ya za a yi roba ta koma katako? Ku duba. Na fara shafa fenti ruwan ƙasa mai haske, na bar shi ya bushe. Sai na ɗebo fentin mai, irin na masu zane, mai duhu, na ɗiga kaɗan, na ja shi da busasshen buroshi, duk ta fuska ɗaya. Kun ga layukan da gashin buroshin ya bari? Su ne jijiyar katakon. Haka zan yi wa farfela da ginshiƙan fukafukai. Aibin fentin mai ɗaya ne, ba ya gaggawa. A ba shi kwana uku ko huɗu, in ba haka ba shatin yatsanka zai zauna a kai har abada.

Kujerar matuƙi ta saƙa ce, kamar kwando, tankin fetur kuma a bayansa daf da shi. Duk lokacin da na manna wannan tankin sai na ɗan yi shiru.

Haɗa gangar jiki ba wani dogon zance: gam, matsewa, a goge layin haɗin da sanfefa mai laushi. Mu wuce.

Launi. Saman jirgin Ingila na lokacin ana shafa masa wani fenti da ake kira PC10, haɗin jar ƙasa mai rawaya-rawaya da baƙin hayaƙin fitila. Masu wannan sana'a sun shafe shekaru suna gardama: kore ne ko ruwan ƙasa? Ni dai ra'ayina, tunda kwaɓa shi ake yi, kuma rana da ruwa suna canza shi, duk wanda ya tsaya tsakanin biyun bai yi laifi ba. Ƙasan fukafukan kuwa launin yadin ne kawai, fari mai ɗan rawaya kamar madara. Kafin fenti na ƙarshe na manna siraran salatif a kan kowane haƙarƙarin fiffike, na fesa inuwa kaɗan, na ɓare. Ga shi nan, yadin ya fito kamar an ɗaure shi a kan ƙashi.

A gama fenti da sitika duka tun fiffiken sama bai hau ba. Wannan ku riƙe shi da kyau. Haka ma ramukan waya: yanzu ake huda su, da tsinken huji mai kaurin milimita 0.3. A fiffiken sama rabin zurfi kawai, daga ƙasa. A na ƙasa kuwa a fasa har waje.

Yanzu mun zo wurin da mutane da yawa suke mayar da kwalin cikin durowa. Wayoyi.

Wanda ya kalli hoton jirgin zai ɗauka saƙar gizo-gizo ce aka yi barkatai. A'a. Kowace waya da aikinta, kuma in ka san aikin, ba za ka ɓata ba. Idan jirgi yana sama, iska tana ɗaga fukafukai, tana so ta naɗe su sama. Wayoyin da suke hana hakan suna tashi daga gindin gangar jiki, su miƙe waje zuwa saman ginshiƙan fiffike. Su ne masu ɗaukar nauyin jirgin a sama, shi ya sa a Camel biyu-biyu suke, kafaɗa da kafaɗa. Idan kuma jirgi ya dira, nauyin fukafukan ƙasa yake ja. Masu riƙe wannan suna saukowa daga saman ginshiƙan tsakiya zuwa gindin na waje, kuma ɗai-ɗai ne. Haɗuwar biyun ce take ba da wannan gicciyen da ake gani daga gaba. Sauran kuma na tsakanin ginshiƙai ne, da na ƙafafun taya, da igiyoyin da matuƙi yake ja ya karkata jela da bakin fiffike. A sansanonin jiragen Ingila da ke Faransa akwai makanikin da aikinsa ke nan kullum, ɗaurewa da sassautawa har jirgi ya daidaita.

Abin da nake amfani da shi zaren fatsa ne, mafi siranta, wajen milimita 0.1, na bi shi da alƙalami ruwan azurfa. Akwai kuma zare mai talewa da ake sayarwa don wannan aikin, irin su EZ Line. Ya fi sauƙi, kuma in yatsa ya taɓa shi ba ya tsinkewa. Amma zaren fatsa yana ƙara wa jirgin ƙarfi na gaske, kamar yadda wayar asali take yi, shi ya sa na fi son sa. Wata gaskiya kuma: wayoyin Ingila na jikin fiffike ba zagayayyu ba ne, fale-fale suke don su yanka iska. A wannan ma'aunin ido ba ya rabewa, ban damu ba.

Na kifa fiffiken sama a kan tebur. Ɗigon gam mai kamawa nan take a bakin allura, cikin rami, sai bakin zare. Ɗaya bayan ɗaya, har ya zama kamar gemu. Sannan ginshiƙan tsakiya huɗu, a tsayar da su daidai, a aza fiffiken, a zura na waje huɗu a hankali da hantsaki. Ku lura da abin da ya bambanta Camel: fiffiken sama a miƙe yake sak, na ƙasa kuwa bakinsa ya ɗaga. In ka duba daga gaba ka ga duka biyun a miƙe, akwai gyara. Na tokare shi da kwalayen ashana, na bar shi ya kwana.

Washegari sai zare. A zura kowanne ta raminsa na ƙasa, a rataya masa ɗan maƙalin shanya ya ja shi, a ɗiga gam, a yanke da sabuwar reza. Daga ciki ake farawa zuwa waje, dama ɗaya, hagu ɗaya, don kada jan ya karkatar da fiffike.

Wannan ta yi sako-sako, kun gani? Ga dabara. Turaren tsinke, a kunna, a kusantar da garwashin ƙarƙashin zaren. Zafi yana sa shi ya tsuke, tas, ya miƙe. Kusantarwa na ce, ba taɓawa ba. Jirgina na farko, na matsa da yawa, zare huɗu suka narke lokaci guda, har sitika ta ƙone. Sati biyu ban kalle shi ba.

Saura datti, kuma nan ne ake wuce gona da iri. Na sha ganin an yi wa irin wannan jirgi tsatsa. Tsatsa a jikin me? Yadi ne da katako, murfin inji kuma alminiyom. Yawancinsu ma ba su daɗe a fagen daga ba, watanni kaɗan ne. Mai lamba B6313, na William Barker ɗan Kanada, wanda ya kai kusan shekara guda yana yaƙi, akasari a Italiya, ya kaɓo jirage da balan-balan 46, ai shi ya sa ake ba da labarinsa.

Dattin Camel daga inji yake. Injin Clerget mai silinda 9, kuma ba farfela kaɗai ke juyawa ba, injin ne gaba ɗaya yake wulwulawa tare da ita. Man da ake zuba masa man zurma ne, wannan dai da muka sani, kuma ba ya komawa tanki, fesar da shi yake yi waje. Saboda haka ƙarƙashin jirgin, daga bayan murfi, a jiƙe yake da maiƙo. Na ɗiga fentin mai, ruwan ƙasa da ɗan baƙi, na ja shi baya da buroshi mai ɗanshin tina, yadda iska za ta kwashe shi. Ya yi duhu kusa da inji, ya dusashe kafin ya kai jela.

Sai taɓo. Filayen tashinsu ciyawa ce, da damina kuwa caɓi. Na kankare alli ruwan ƙasa ya zama gari, na shafa a tayoyi, da layi biyu a ƙasan fiffike daidai inda taya take watso laka, da sandar da jela take ja a ƙasa. Ɗan kaɗan kuma a gefen hagu, wurin da matuƙi yake taka ƙafa ya hau. A bakin murfin inji na ɗan ɗosa fensir ruwan azurfa, inda makanikai suke cirewa da mayarwa.

Farfela ce ta ƙarshe, ita kuma ba na sa mata gam, don in za a ɗauki jirgin a zare ta tukuna. Bari in juya muku shi a gaban fitila ku ga yadda hasken yake bin wayoyin. Akwai guda a bayan ginshiƙin dama da har yanzu ba ta gamshe ni ba. Miƙo min turaren nan.