Na Je Farautar Ɓoyo a Roker, Coci Ya Cinye Min Yini

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, bakin teku nake, unguwar Roker a Sunderland, kuma iskar arewa maso gabashin Ingila ba ta san baƙo ba. Yatsuna har sun daina jin wayar.

Abin da ya fito da ni yau wani wasa ne da ɗan ajinmu ya koya min, jiyokashin. Wani zai ɓoye 'yar roba da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a manhaja, kai kuma ka bi GPS har ka gano ta, ka sa hannu, ka mayar yadda ka same ta. Ba kuɗi, ba kyauta. Tun watan Mayu na 2000 aka fara, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula. Kwana ɗaya ko biyu bayan nan wani Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya ce a nemo. A nan Ingila har jerin ɓoyo suke da shi na musamman a gefen coci-coci, shi ne ya kawo ni nan.

To ga shi, bari in juya kyamara. Cocin St Andrew. Wallahi na wuce ta nan ya fi a ƙirga in zan je bakin ruwa, ban taɓa ɗaga kai ba. Ku kalli duwatsun, ko gogewa ba a yi musu ba, kai ka ce ginin shekara 800 ne. Ashe a 1906 aka aza harsashinsa, aka gama a 1907. Daga Marsden aka fasa dutsen, nan kusa da gaɓar teku. Wanda ya zuba mafi yawan kuɗin John Priestman ne, attajirin maƙerin jiragen ruwa a kogin Wear, kuma don tunawa da mahaifiyarsa ya yi. A wancan zamanin ƙera jirgi ne abincin garin gaba ɗaya. Sai a 1988 aka rufe maƙera ta ƙarshe.

Na tarar da ƙofa a buɗe, wata dattijuwa ta ce in shigo, har ta ba ni izinin ɗauka. Zan rage murya.

Ku dubi bakunan nan. Daga can ƙasa suke tasowa, kan wasu gajerun ginshiƙai, su lanƙwasa su haɗe a sama, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ɗakin da zai tare wa mutum gani. Kamar an kifar da jirgi kana tsaye a cikin cikinsa. Ni kuwa da na shigo Masallacin Juma'a na Zariya ya faɗo min, bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaure da azara da ƙasa. Shi kuwa wanda ya tsara ginin cocin nan, Edward Prior, rodi da kankare ya ɓoye a cikin dutsen. A 1907 fa, a coci! Kuma hasumiyar bai sa ta a yamma yadda suka saba ba, gabas ya kai ta, ɓangaren teku.

Can bayan bagadi akwai saƙaƙƙen zane na masana daga gabas da suka kawo wa Annabi Isa kyauta yana jariri. Zanen wani mai zane ɗan Ingila ne, Burne-Jones, kamfanin William Morris ya saƙa. Rufin saman wurin kuma a 1927 MacDonald Gill ya yi masa fenti, rana a tsakiya, sararin sama kewaye da ita. Gilashin tagogin ma ba shafaffe ba ne, yana da kauri a wani wuri, siriri a wani, shi ya sa hasken ke rawa kamar a cikin ruwa.

Sai da na fito na tuna da abin da ya kawo ni. Waya ta ce saura mita 4, na matsa, ta ce mita 9. Haka na yi ta lalube a gindin katanga kamar wanda ya yar da kuɗin mota. Wani dattijo da karensa ya tsaya yana kallona, na tsuguna na kama ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Dokar wasan ce, kada wanda bai sani ba ya ga inda ka ciro ta.

Na same ta dai. Ba zan nuna muku wurin ba, kada in ɓata wa na baya. Ga ta, ba ta kai babban yatsana ba, takardar a nannaɗe, ta ɗan sha raɓa. Kuma kun san me? Ban zo da biro ba. Bari in koma wajen dattijuwar nan in ara kafin ta rufe ƙofa.