Me ya sa kwanan wata ke komawa 1970 in an cika fom?

Salama alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka daga nan Maraɗi. Yau zancen kwanan wata za mu yi. Ka haɗa fom ɗinka tsab, mutum ya cika ya danna, ka buɗe databes, wato rumbun ajiyar bayanai, ka tarar suna ya shiga lahiya lau, lambar waya ta shiga, amma wurin ranar haihuwa sai ka ga 1970-01-01. Ni kaina abin ya taɓa kunyata ni, wata lakwal na yi wa aikin rajistar yara, sai da aka shigar da aji guda kahin mu lura fiye da rabin yaran duk a 1970 aka haife su, har sun girmi malaminsu.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu nan Nijar yadda aka koya muna tun benci, rana ce farko, sai wata, sai shekara. MySQL kuma, manhajar databes ɗin, shekara yake so a gaba, lamba huɗu, sai wata, sai rana, da ɗan layi a kwance (-) tsakaninsu. Ku dubi allo, na rubuta 03/08/1960, ranar da muka samu 'yancin kai. In na miƙa wannan ma strtotime, umarnin da ke karanta kwanan wata a yaren shirya manhaja na PHP, da ya ga layin nan mai karkata (/) sai ya ɗauka tsarin Amurka ne, wata a gaba, ya maida mini ita 8 ga Maris, kuma ko tari ba zai yi ba, wannan shi ya fi muni wallahi don ba ka ganin kuskuren sai ranar da aka zo buga takardar yaro. Yanzu bari in saka 18/12/1958, ranar jamhuriya. Babu wata na 18, sai ya dawo da false, wato ya kasa, date mai rubuta kwanan wata a PHP ta ɗauke shi sihiri, wato 0, sihiri kuma a lissahin kwamfuta shi ne 1 ga Janairun 1970. Kun ga inda 1970 ta hito kenan.

Magani mahi sauƙi, a fom ɗin ka sa input mai type date. Ko wayar mutum da Faransanci take tana nuna mishi rana a gaba, abin da za ta turo ma saba, kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, shekara-wata-rana ne, daidai yadda MySQL ke so. In kuwa dole da hannu za a rubuta, to ka gaya ma PHP tsarin da bakinka, DateTime::createFromFormat da d/m/Y, sannan format da Y-m-d. Amma a kula, shi wannan in aka ba shi 31/02 ba ya ƙi, gangarawa yake cikin Maris abinshi, don haka ka fara tace ta da checkdate, mai duba ko akwai ranar da gaske.

Sai wajen INSERT, umarnin shigar da bayani cikin databes. Na sha ganin yara suna manna kwanan watan tsirara cikin umarnin, 2024-05-12 ba alamar zance, MySQL ya ɗauka lissahi ka ba shi, ya ɗebe 5 ya ɗebe 12 ya samu 2007. Ka yi prepare da PDO, hanyar PHP ta magana da databes, wato ka shirya umarnin tukuna sannan ka miƙa ranar daban, ka huta da wannan, ka kuma rufe ƙofa ga masu cusa SQL, wato umarnin databes, ta fom don yin ɓarna. Kuma don Allah gurbin ya zama DATE, kar ka sa VARCHAR, gurbin rubutu zalla, wai don ya daina yi maka ihu, ranar da aka ce jera yara daga babba zuwa ƙarami za ka gane kurenka.

In an bar wurin wayam, NULL za ka tura, wato alamar babu komi. Tun MySQL 5.7 in ka tura rubutu wayam a gurbin DATE ƙin karɓa yake.

Akwai kuma namu na gida, dattawan da takardarsu ke cewa an haife su wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. Ni abin da nake yi, in sa 1 ga Janairu sannan in ƙara gurbi guda da ke nuna kintace ne, don kar a haɗa su da wanda da gaske ranar aka haife shi.

Bari in goge tebur ɗin in sake shigar da 18/12/1958 ku gani. Yauwa, ga ta nan, 1958-12-18.