Fodkas: Reza ɗaya, kai goma

Auta: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Tudun Wadar Kaduna, in kun ji ƙara janareton maƙwabta ne, a yi mana uzuri. Yau Kawu ne ya zo da magana, Sista kuma tun ɗazu sai harararsa take.

Kawu: Ai da gaskiyarta. Ɗan ƙanina ne ya yi wajen shekara a tsare yana jiran shari'a, da Allah ya sa aka sake shi bai rufa wata biyu a gida ba ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kamar shayi ba madara. Muka ce shawara ce, aka yi ta ɗirka masa jiƙo.

Sista: Sati nawa Kawu? Faɗa musu.

Kawu: Uku. Sai da kika ɗaga mana hankali aka je gwaji, aka ce ciwon hanta ne nau'in B.

Auta: To ni Sista abin da ya ɗaure min kai, mutum yana kulle ba ya zuwa ko'ina, ta ina cuta za ta same shi?

Sista: Kai dai Auta, ai kullen ne matsalar. Kawu me yaron ya ce maka a kan aski?

Kawu: Ya ce reza ɗaya ake ɓallawa biyu, rabin nan sai ya aske kai goma, wanda ya iya aski a ɗakin shi ne wanzami, in an yanke ka a goge a hannun riga a ce na gaba. Da ita ake yanke farce.

Sista: Shi ke nan. Ƙwayar B tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, jinin da ido ma bai gani. Ga buroshi na karɓa-karɓa, ga allura, ga kuma mu'amalar da ba a so a faɗa amma tana faruwa. A 2016 mujallar Lancet ta fitar da ƙiyasin fursunonin duniya, mutum miliyan 10.2, kashi 15.1 cikin ɗari suna da nau'in C, kashi 4.8 suna da B.

Auta: Au, ashe C ce ta fi yawa?

Sista: A lissafin duniya, saboda ƙasashe irin su Amurka masu allurar ƙwaya ake ta kullewa, su kuma C ta fi kamawa. Mu nan labarin ya sha bamban, binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 na manya suna da B, C kuwa 1.1, kuma wannan fa mutanen gari ne masu yawonsu, to ka tara su a ɗaki ɗaya da reza ɗaya ka gani. Shi ya sa ma Kawu ban yarda ka rantse a can ya ɗauka ba, da yawa tun suna jarirai suke da ita ba su sani ba, rigakafin yara sai 2004 aka sa shi cikin alluran da ake yi.

Kawu: Ni dai lafiya lau ya tafi.

Sista: A ido. An gwada shi ranar da ya shiga? Tun 2019 doka ta mayar da sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ni kuma a ganina gyaran da ya fi sauƙi shi ne a ɗiga jinin mutum a bakin ƙofa, minti 20 an gama, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi allura uku. C ma yanzu warkewa ake da ƙwayoyi cikin sati 12, B ce dai sai danne ta ake da magani irin tenofovir in likita ya ga akwai buƙata.

Auta: Kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, gida za su dawo.

Sista: Wurin matansu. Kawu, yaron nan yana da iyali ko?

Kawu: Mata ɗaya, kuma ga tsohon ciki.

Sista: Innalillahi, shi ne ba ka faɗa min ba sai a fodkas? Jaririn nan cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi masa allurar. Gobe da safe ka kawo min ita a gwada ta, kar ka ce sai Litinin.