Darasin Turanci: "Run" ba gudu kaɗai ba ne

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, mai harafi uku: R, U, N. Run. Na san wani zai ce, haba malam, ai tun firamare aka koya mana, gudu ke nan. To, a gyara zama.

Lokacin da masu babban ƙamus na Oxford suka sake bitar wannan kalma a shekarar 2011, ma'anoni 645 suka lissafa mata, a matsayin aikatau kawai. A bugun ƙamus ɗin na 1989, kalmar "set" ce ke kan gaba da 430. Kada hankalinku ya tashi, mu ma muna da irinta. Ku dubi "ci". An ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, kasuwa ta ci. Akwai Bahaushen da ya taɓa ruɗewa? Babu, domin kalmar da ke kusa da ita ce ke nuna maka inda aka dosa. Haka za ku yi wa run.

Ku saurara. "My mother runs a shop." Ba wai Inna ta ɗauki shago a ka tana sheƙa gudu ba. Ita ce ke gudanar da shagon. Kun ji abin da na ce? Gudanar. Daga gudu ta fito! A nan Hausa da Turanci hanya ɗaya suka bi. "The tap is running", famfo na zuba, ruwa na gudana. Mai mura zai ce "my nose is running". Har cikin da ya ɓaci, mu muna cewa gudawa, a Turancin Najeriya kuma za ka ji "running stomach". Amma gaban likita a Ingila, ka ce "diarrhoea", ya fi.

Inda suka rabu shi ne siyasa. Ba'amurke zai ce "she is running for president". Shi gudu ya gani, mu kuwa tsayuwa: ta tsaya takara. Abin sha'awa, mutanen Ingila irin namu suke faɗa, "stand for election".

Yanzu ga wajen da ɗalibai suka fi tuntuɓe, wato idan an liƙa mata ƙaramar kalma a baya. Kana cikin motar haya, ta yi tari ta mutu, direba ya waiwayo ya ce "we have run out of fuel". Babu wanda ya fita da gudu, mai ne ya ƙare. Kada ku manta da "of" ɗin nan, ana yawan yar da shi. "I ran into my teacher", na yi kiciɓis da malamina. Amma idan mota ce ta "ran into" katanga, to wannan karo ne na gaske.

Kun ji na ce "ran". Jiya "ran", da "have" kuma a koma "run". Babu "runned", don Allah.

Ga aikin gida: "The generator has been running since morning." Ku fassara mini da Hausar da za ku faɗa wa maƙwabcinku, kuma kada in ga kalmar gudu a ciki.